Shatar Mota Don Kwando Ɗaya: Yadda Caji Ke Cinye Ƙaramin Jari A Noman Ribar Kirifto

Wata ranar Asabar da yamma ɗan yayata, wanda yake sana'ar POS a Agege, ya zo ya same ni a rumfar da nake riƙe wa wasu 'yan gwari lissafin kaya a kasuwar Mile 12. Bayan mun gaisa na tambaye shi mutanen gida, sai ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Kawu, don Allah duba mini wannan. An ce idan na zuba kuɗina a nan, ribar shekara ta haura kashi 100 cikin 100, kuma babu abin da zan yi sai jira." Kuɗin da yake magana a kai naira 150,000 ne, kwasar adashen da ya yi wata shida yana zubi, kuma niyyarsa ya juya su na wata uku kafin lokacin biyan kuɗin haya ya zo. Ban fara da tambayarsa ko shafin na gaskiya ne ko na damfara ba, duk da cewa wannan tambayar tana da muhallinta. Abin da na tambaye shi shi ne nawa zai kashe kafin kuɗin su isa wurin, kuma nawa zai kashe kafin su dawo asusunsa na banki a matsayin naira. Ya yi shiru, domin waɗanda suka nuna masa ƙofar shiga babu wanda ya gaya masa cewa ana biya a bakinta, ana kuma sake biya wurin fita.

Na damu da wannan tambayar ne saboda ni ma ban yi wa kaina ita ba a 2021. A wannan shekarar na zuba abin da bai wuce dala 200 ba a wata gona, wato shafin noman ribar kirifto, da ba zan ambaci sunanta ba, na yi ta kallon ribar tana ɗan motsi a allon waya, ranar da na tashi cire kuɗina kuwa na tarar da cewa abin da za a caje ni ya kusa kai abin da ya rage a ciki. Babu wanda ya sace mini ko sisi, kuma babu abin da aka ɓoye mini. Ni ne ban yi lissafi ba.

Ga wanda bai san harkar ba, abin da ake kira noman riba shi ne mutum ya ɗauki kuɗin kirifto ya ajiye a cikin wani kwantiragi mai zartar da kansa a kan bulokcen, wato kundin da kwamfutoci da yawa suke riƙe da shi tare suna rubuta cinikin kirifto a ciki, domin wasu su yi amfani da su, shi kuma a riƙa ba shi kaso. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta tafkin canji. Kamar dai ɗan canjin da yake zaune a Broad Street da dala a aljihu ɗaya, naira a ɗaya aljihun, haka ake tara tokin, wato kuɗin kirifto, iri biyu a wuri guda, duk wanda ya zo musaya ya biya la'ada, a raba la'adar ga waɗanda suka zuba jarin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Dandalin canji na Uniswap, wanda Hayden Adams ya buɗe a Nuwamban 2018, ya daɗe yana karɓar kashi 0.3 cikin 100 a kan kowace musaya, PancakeSwap kuma kashi 0.25. Harkar ta tumbatsa ne a watan Yunin 2020, lokacin da Compound ya fara raba tokin ɗinsa na COMP ga masu ba da rance da masu karɓa a dandalinsa, sauran dandaloli suka bi sahu, kowa yana ƙara wa masu zuba jari tukuicin tokin ɗinsa don ya janyo su. Wannan tukuicin shi ne yake kumbura alƙaluman da matasanmu suke gani su ruɗe. A nan ya kamata in faɗi wani abu sau ɗaya in wuce: ba da rance a karɓi ƙari, kamar yadda ake yi a wasu daga cikin dandalolin nan, magana ce da Musulmi zai kai gaban malamai kafin ya sa hannu, kuma ni ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne lissafi, a kansa kuma zan tsaya.

Duk wani aiki da mutum zai yi a kan bulokcen ɗin Ethereum yana da nauyi da ake aunawa da abin da ake kira gas. Tura ETH, kuɗin Ethereum, daga walat, wato asusun kirifto, zuwa wani walat gas 21,000 ne, ko dala ɗaya aka tura ko dala miliyan ɗaya. Ba wa kwantiragi izinin taɓa wani tokin yana cin kusan ninki biyu na wannan ko fiye, musaya kuma tana haura 100,000, wani lokaci ta doshi 200,000, gwargwadon hanyar da ta bi. Farashin kowane gas ɗaya ana faɗinsa da gwei, ETH ɗaya kuwa gwei biliyan ɗaya ne. Dalilin biyan shi ne wurin da ake rubuta ayyukan yana da iyaka: bayan kowace daƙiƙa 12 ake rufe shafi ɗaya na kundin, kuma shafin ba ya ɗaukar abin da ya wuce adadin gas da aka ƙayyade masa, wanda ya daɗe a kan miliyan 30. Tun daga gyaran da aka yi wa laƙabi da London a Agustan 2021, idan shafi ya cika fiye da rabi, farashin tushe yana hawa a shafi na gaba, hawan da zai iya kai kashi 12.5 cikin 100 a kowane shafi. Wannan kason ƙona shi ake yi, sai kuma ɗan tukuicin da mutum yake ƙarawa don masu tantancewa su sa aikinsa a gaba. Ke nan idan jama'a suka yi cincirindo a lokaci guda, farashin yana iya ninkawa cikin 'yan mintoci.

Abin lura a duk wannan bayanin shi ne babu inda aka ambaci yawan kuɗin da mutum yake ɗauke da su. Gas yana auna wahalar aikin ne ga kwamfutocin da suke riƙe da kundin, kuma wahalar rubuta dala 50 daidai take da wahalar rubuta dala 500,000. Mu da muke ganin motocin tumatir suna sauke kaya daga Kano da Zariya mun san cewa mai kwando goma ba ya biyan abin da mai kwando ɗari yake biya, domin a kan kowane kwando ake yanke kuɗin mota. A Ethereum babu wannan sassaucin. Kowa shata yake yi, direban da aka yi shatarsa kuwa babu ruwansa da ko an cika motar maƙil ko kwando ɗaya aka ɗora a bayanta. Attajiri yana raba kuɗin shatar a kan kaya masu yawa har ya zama bai ji ba, talaka kuma yana ɗora su duka a kan kwandonsa guda.

Da a ce tafiya ɗaya ce, da da sauƙi. Noman riba kuwa zirga-zirga ce. Mai shiga tafki zai fara ba da izini a kan tokin ɗin da yake riƙe da shi, ya musanya rabinsa zuwa tokin na biyu, ya ba da izini a kan wannan ma, ya zuba su biyun a tafki, a ba shi wani tokin da yake matsayin rasit, ya ba da izini a kan rasit ɗin, sannan ya kai shi gonar da ake biyan tukuici. Wurin fitowa kuma zai girbi tukuicin, ya zare rasit ɗinsa, ya mayar da shi ya karɓi tokin biyun, ya sayar da tukuicin, ya sake haɗe kuɗinsa su koma iri ɗaya. Aiki goma ko fiye ke nan, kowanne da nasa cajin, kuma idan aka tara nauyinsu ba abin mamaki ba ne su kai gas miliyan ɗaya. Mu ɗauka farashin gas gwei 100 ne, ETH kuma dala 3,000, wanda dukansu an sha ganinsu a 2021. Gas miliyan ɗaya a wannan farashin ETH 0.1 ne, wato dala 300. Mai dala 200 da aka yi wa alkawarin kashi 40 cikin 100 a shekara zai samu dala 80 a shekara, ke nan sai ya yi kusan shekara huɗu kafin ya mayar da kuɗin shata kawai, idan ma har gonar ta rayu zuwa lokacin, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mai dala 100,000 a gona ɗaya, da alkawari ɗaya, yana samun kusan dala 110 a kowace rana, kafin kwana uku su cika ya fanshe dala 300 ɗinsa. Alƙalamin da aka rubuta a shafin gaskiya ne ga ɗayansu, ga ɗayan kuma ba shi da wata ma'ana.

Akwai kuma cajin aikin da bai yiwu ba. Idan mutum ya tura umarnin musaya, farashi ya goce fiye da iyakar da ya amince da ita kafin a kai ga aikinsa, ko ya rage adadin gas don ya yi tsimi har aikin ya tsaya a tsakiya, kwantiragin zai ƙi zartarwa, kuɗinsa su tsaya inda suke, amma gas ɗin da aka ƙona ya tafi ke nan. An ga wannan ƙarara a ƙarshen Afrilun 2022, lokacin da kamfanin Yuga Labs ya buɗe sayar da filayen duniyar intanet ta Otherside, rububin ya sa caji ya kai dubban daloli a kan aiki ɗaya, mutane da dama kuma suka biya ba su samu komai ba. Wanda a wannan daren yake son ya cire dala 100 daga wata gona da ba ta da alaƙa da filayen, shi ma wannan farashin ya tarar, domin hanyar guda ce.

Da na kawo nan, ɗan yayata ya ce, "Amma Kawu, ai wannan tsohon labari ne. Yanzu gas ya yi arha, kuma ni ba a Ethereum ma zan yi ba." Yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma bai kamata a tauye masa ita ba. Sauya tsarin tantancewa da Ethereum ya yi a ranar 15 ga Satumban 2022 bai rage caji ba, duk da cewa mutane da yawa sun sa ran haka, amma gyaran Dencun na ranar 13 ga Maris 2024 ya sauko da caji ƙwarai a hanyoyin hawa na biyu irin su Arbitrum da Optimism da Base, waɗanda suke tara ayyuka masu yawa su kai wa Ethereum a dunƙule. A can aiki ɗaya yakan tsaya a kan 'yan santi, wani lokaci ma bai kai santi ɗaya ba. A Solana cajin tushe SOL 0.000005 ne a kan kowane sa hannu. Ko a kan Ethereum ɗin kansa, a 2025 an yi kwanaki da yawa farashi yana ƙasa da gwei 2, wanda zai mayar da waccan dala 300 zuwa dala 6 ko ƙasa da haka. Wannan sauyi ne na gaske, kuma ya buɗe ƙofa ga mutanen da a da ba su da halin leƙawa.

Sai dai mutumin Legas ba daga bakin gona yake fara tafiyarsa ba, daga asusun banki yake farawa, da naira a hannu. Tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a ranar 5 ga Fabrairun 2021, jama'a suka koma cinikin hannu da hannu, inda za ka tura wa mutum naira ya sakar maka USDT, tokin da yake bin farashin dala. An ɗage hanin a Disamban 2023, kasuwar kirifto ta Binance ta daina hulɗa da naira a Maris 2024, hukumar kula da hannayen jari ta SEC ta ba kasuwannin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko a Agustan wannan shekarar, amma duk hanyar da mutum ya bi, farashin saye daban ne da na sayarwa, kamar yadda yake a wurin kowane ɗan canji. Wannan tazarar caji ce, ko da ba a rubuta ta da sunan caji ba.

Saboda haka na jawo takardar da nake lissafin kwanduna, muka zauna muka bi kuɗinsa taki-taki. Muka ɗauka dala tana naira 1,500, ke nan jarinsa dala 100 ne cif. Muka ɗauka tazarar saye da sayarwa naira 15 ce a kan kowace dala, wato naira 1,500. Cajin turin banki zuwa da dawowa, haɗe da harajin naira 50 da ake cirewa a kan turin da ya kai naira 10,000, muka sa naira 200. Fitar da USDT daga kasuwar da ya saya zuwa walat ɗinsa muka sa dala ɗaya, naira 1,500, domin kasuwanni sukan yanke wannan cajin a tsaye ba tare da duba yawan kuɗin ba. La'adar musayar rabin kuɗin wurin shiga da wurin fita, naira 450. Gas na aiki goma a kan santi goma-goma, naira 1,500. Sai kuma abin da mutane suka fi mantawa: ba a biyan gas da USDT a yawancin hanyoyin nan, dole sai da tokin ɗin hanyar, ETH ko BNB ko SOL, kuma tunda babu mai son gas ya yanke masa a tsakiyar aiki, kowa yakan saya fiye da buƙata, ragowar kuma ta maƙale domin ba ta kai a wahala wajen fitar da ita ba. Muka sa mata naira 1,500. Jimla ta tashi naira 6,650, wato kashi 4.4 cikin 100 na jarinsa.

Daga nan muka ajiye alƙalamin kashi 100 a gefe, saboda dalilin da zan zo kansa, muka ɗauki kashi 12 cikin 100 a shekara, wanda shi ma kyautata zato ne ga tafkin da tokin ɗinsa biyu duk masu bin farashin dala ne. Wannan naira 18,000 ne a shekara, naira 1,500 a wata. A wata ukun da ya tsara zai samu naira 4,500, ya kashe naira 6,650, ya dawo gida da giɓin naira 2,150 a uwar kuɗinsa, alhali babu abin da ya lalace, babu wanda ya cuce shi, gonar kuma ta biya duk abin da ta yi alkawari. Da mai naira miliyan 15 ne ya bi wannan hanyar, tazarar canji da la'adar musaya za su ƙaru daidai da girman kuɗinsa, amma sauran naira 4,700 ɗin nan suna nan yadda suke. A wurin ɗan yayata sun haura kashi 3 cikin 100, a wurin wancan kuwa kashi 0.03 ne. Shi cikin kwana arba'in ya fita daga ramin, yaron kuma sai ya yi kusan wata huɗu da rabi.

A nan ne ya gane da kansa, ba don bayanina ba, sai don sana'arsa. Ya ce, "Ashe irin abin da nake yi wa kwastomomi ne. Mai cire dubu ɗaya ya ba ni naira ɗari, mai cire dubu goma ya ba ni ɗari biyu." Na ce masa haka ne, na farko ya biya kashi 10 cikin 100, na biyu kashi 2, kuma na farkon shi ne wanda ya fi buƙatar kuɗin.

Wani wurin da caji yake cin mutum a ɓoye shi ne wurin girbi. Shafukan nan sukan nuna alƙalami biyu, ɗaya ribar shekara ce tsurarta, ɗayan kuma ribar da za a samu idan ana girbe tukuici kullum ana mayar da shi cikin jari. Na biyun ya fi girma, shi ya sa shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Kashi 40 idan ana juya shi kullum yakan koma kusan kashi 49. A kan dala 200, wannan ƙarin dala 18 ne a shekara. Amma girbi da sake zubawa aiki ne, aiki kuma gas ne; ko da santi goma kacal ake kashewa a kowace rana, a shekara dala 36.5 ne. Mutum ya kashe 36 don ya samu 18, yana kuma jin cewa ƙwazo yake yi domin kullum yana kan waya. Na ga matasa da yawa da suka shigo harkar ta ƙofar dangwale, tun zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024, sun saba da cewa yawan taɓa allo shi ne yawan samu. A can taɓawa kyauta ce in ban da data da cajin waya, a nan kuwa duk taɓawa cirewa ce daga aljihu. Ni dai a yanzu ba na girbi sai abin da ya taru ya ninka cajin girbin sau da yawa, ko da hakan na nufin in yi wata biyu ban buɗe walat ba, kuma idan aikin a kan Ethereum ne nakan bari sai bayan sallar asuba ta Asabar ko Lahadi, lokacin da Amurka take barci, Turai kuma ba ta fita kasuwa ba, domin a nan na fi samun farashi a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, fiye da duk waɗannan alƙaluman, shi ne yadda caji yake sauya halin mai ƙaramin jari. Mutumin da ya ga kashi 12 ba zai fitar da shi ba, ba gida yake komawa ba, gonar da ta rubuta kashi 100 ko 500 yake nema, domin ita kaɗai ce lissafinta yake nuna za ta rufe cajin da wuri. Irin waɗannan gonakin kuwa da tokin ɗin kansu suke biya, tokin da suke bugawa ba dare ba rana, kowa yana karɓa yana sayarwa, farashinsa yana zubewa, har kashi 100 ɗin da aka gani ranar Litinin ya zama ba a bakin komai ba kafin wata ya ƙare. Idan kuma tafkin ya haɗa tokin mai hawa da sauka, akwai wata asarar ta daban: idan farashin ɗaya ya ninka sau biyu a kan ɗayan, mai jari a tafki yana samun ƙasa da wanda ya riƙe tokin ɗinsa ya zauna da kusan kashi 5.7 cikin 100, idan ya ninka sau biyar kuwa giɓin ya haura kashi 25. Neman hanya mai arha kuma yakan sa mutum ya haye gada daga wannan bulokcen zuwa wancan, gadojin nan kuwa su ne ɓarayi suka fi kai wa hari: an kwashe fiye da dala miliyan 300 a Wormhole a Fabrairun 2022, fiye da miliyan 600 a Ronin a watan da ya biyo baya. Garin neman gira ake rasa ido, kuma ba kwaɗayi kaɗai ne yake kai mutum can ba, lissafin cajin ne da kansa yake tura shi.

Ranar tashin hankali kuma ita ce ranar da caji ya fi tsada. Idan labari ya ɓulla cewa wata gona tana tangal-tangal, kowa a lokaci guda yake rugawa ƙofa, farashin gas ya haura, manya su biya ba tare da sun tsaya dubawa ba domin abin da suke tserar da shi ya ninka cajin sau dubu, ƙanana kuma su tsaya suna jiran ya sauko. Dandalin Anchor, wanda yake biyan kusan kashi 20 cikin 100 a kan UST, wani tokin da aka ce zai riƙa bin farashin dala, ya rushe tare da bulokcen ɗinsa na Terra cikin 'yan kwanaki a watan Mayun 2022, kuma ya nuna wa duniya cewa a wannan harkar tazarar da ke tsakanin jin labari da rasa komai ba ta da tsawo. Ko hanyoyin hawa na biyu suna da nasu jiran, domin komawa Ethereum ta gadar asali ta Arbitrum ko Optimism yana ɗaukar kusan kwana bakwai, mai gaggawa kuma sai ya biya wata gadar ta daban.

Dole in raba tsakanin wannan cajin da wani abu da 'yan damfara suke kira da sunansa. Gas na gaskiya daga walat ɗin mutum ake cire shi a daidai lokacin da ya sa hannu a kan aiki, kuma walat ɗin yana nuna masa ƙiyasin kafin ya amince. Duk wanda ya ce sai an tura masa wasu kuɗi zuwa wani asusu ko wani adireshi kafin a saki jarin da aka zuba, ba gas yake karɓa ba, ragowar abin da ke hannun mutum yake nema. Waɗanda MMM ta ci a 2016 da waɗanda CBEX ta ci a Afrilun 2025 sun isa su zama shaida cewa kalmomin zamani ba sa sauya tsohuwar dabara.

Akwai mafita guda da ta yi kama da tsarin motocin gwari, wato dandalolin da suke tara kuɗin mutane da yawa a rumbu ɗaya su yi girbi da sake zubawa a madadin kowa, irin Yearn da Andre Cronje ya kafa a 2020. Gas ɗin girbi ɗaya yana rabuwa a kan dubban mutane, kowa ya biya daidai kwandonsa. Ina ganin wannan ya fi dacewa da ƙaramin jari a kan mutum ya riƙa yi da hannunsa, amma ba kyauta ba ne, domin suna cire kasonsu daga riba, kuma an ƙara kwantiragi a kan kwantiragi, kowanne yana iya samun kafar da za a shiga ta ciki. Sannan bai taɓa cajin da ke tsakanin Agege da bakin gonar ba, wanda a lissafinmu shi ne mafi yawa.

Ban ce wa ɗan yayata kada ya kusanci harkar ba, domin na san zai kusance ta ko na yarda ko ban yarda ba, kuma ilimin da ke cikinta yana da amfani. Abin da na ce masa shi ne kuɗin da aka sa wa ranar buƙata, irin kuɗin haya, ba su da wurin zama a inda sai an yi wata huɗu kafin a dawo kan uwar kuɗi. Na ba shi shawarar ya ware abin da zai iya rasawa bai shiga damuwa ba, ya bi hanyar tun daga banki har ta dawo banki, yana rubuta duk abin da aka cire masa a kowane mataki. Ya ware naira 10,000, sauran ya ƙara a jarin POS ɗinsa. Bayan mako uku ya turo mini hoton shafin littafinsa ta WhatsApp. Layi goma sha ɗaya ya rubuta na caji, jimlarsu naira 2,300 da 'yan kai, a gefe kuma ribar da gonar ta ba shi, wadda ba ta cika naira 70 ba. A ƙasan shafin ya rubuta ranar da kuɗin hayarsa za su cika, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.